Hotunana suna koɗewa idan na tura, yaya zan baje aikina a intanet?

Mai_Kyamara_Zariya

Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne a nan unguwar Zariya ta Maradi, shekara shida ina bin bukukuwan aure da suna, da hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maradi. Makon jiya wani daga Yamai ya nemi ganin aikina kafin ya ba ni kwangila. Na kwashi hoto wajen 70 na antaya masa ta WhatsApp. Da na duba su a wayar ƙanena sai gabana ya faɗi: jan kayan dokin nan ya koɗe kamar tsohon zane, ƙurar da na sha wahalar kamawa ta koma dishi-dishi. Mutumin ya ce "madalla", har yau shiru. RAW nake ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, in gyara a manhajar Lightroom. Ina na yi kuskure, kuma a ina ya dace in ajiye su?

Tsohon_Studiyo

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a zo maganar na'ura, 70 ɗin nan ita ta fara kayar da kai. Wa ke da lokacin kallon doki 70? Zamanin fim hoto 36 gare mu a nadi guda, sai ka yi tunani kafin ka danna. Zaɓi 15, in ya yi yawa 20. Wanda ya fi ƙarfi a farko, kuma kada biyu su yi kama da juna. Wanda kake ƙauna don kawai ka sha rana wajen ɗaukarsa, cire shi, mai kallo bai san ranar da ka sha ba.

Ɗan_Gulbi

Baba ya yi gaskiya. Amma koɗewar launi, yaya, ina zargin da tsarin launi na Adobe RGB ka fitar da hotunan. Waya da yawancin manhajoji tsarin sRGB suka sani, shi ya sa ja da kore ke mutuwa. Wajen fitarwa ka zaɓi JPEG, sRGB, inganci 80, dogon gefe fiksel 2048. RAW mai mega 25 sai ya dawo kusan mega ɗaya, forfe ɗinka na intanet ya huta. Na Instagram kuwa 1080 a 1350 ya isa.

WhatsApp matse hoto yake yi, sai dai ka tura shi a matsayin fayil. Ni da kai ne, Behance zan buɗe, shafin baje aiki ne a intanet, kyauta ne, adireshi guda ka ba mutum ya ga komai a jere. Google Drive na ba da giga 15 kyauta, amma Gmail ma a ciki yake ci, kuma rumbu ne kawai, ya fi dacewa da miƙa wa mai biki kayansa. Ka ɗora bayan asuba, rezo ya fi sauƙi. RAW ɗin kuma ka ajiye wuri biyu, kile na USB kaɗai ba abin dogara ba ne.

Hajiya_Mai_Lalle

Malam, ni tawa daban ce. Hotunan amare fa? Akwai wata amaryata da ta ga kanta a Facebook ba a tambaye ta ba, da ƙyar aka kashe wutar a gidan mijin. An biya ka ka ɗauka ne, ba ka baje ba. Tambayi amarya da ango tukuna. In sun ƙi, hannu da lalle da kayan ɗaki ma aiki ne.

Ɗan_Gulbi

Hajiya ta tuna min: in da waya aka ɗauka, hoton kan riƙe wurin da aka ɗauke shi. Lightroom na da inda ake cire wannan wajen fitarwa.

Mai_Kyamara_Zariya

Na duba, wallahi Adobe RGB ne. Na sake fitar da dokin, jan ya dawo. Hajiya, na ji, zan bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Baba, na sauko 31 na kasa ci gaba. Sunana fa, in buga shi a tsakiyar hoto saboda ɓarayi?

Tsohon_Studiyo

Ƙarami a kusurwa, kada ka rufe fuskar doki. Gobe bayan la'asar kawo 31 ɗin shago, ni ba na jin tausayinsu.