Wa ya taɓa ganin tsofaffin kunyoyin Ingila da idonsa?

Bakatsine a Lesta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar na fita bayan gari, sai na ga wani filin kiwon tumaki ya yi tudu da kwari a jere kamar kunyar dawa, amma faɗin kowace ya kai taku bakwai, ciyawa ta lulluɓe su. Wani dattijo mai yawo da kare ya ce min sawun garmar shanu ne na ɗaruruwan shekaru. Akwai wanda ya taɓa gani?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Na sha gani ta tagar jirgin ƙasa, amma ban gane amfaninsu ba sai da na karɓi ɗan filin lambu a Northampton. Ƙasar yumɓu ce, ga nauyi ga riƙon ruwa. Albasata ta farko duk ruɓewa ta yi. Da na ɗaga kunya, ruwa ya bi kwari ya wuce. Ashe abin da mutanen dā suke gudu ke nan.

Malam Bazazzagi:
Ku je ƙauyen Laxton a Nottinghamshire, ni na je. Har yau da tsohon tsari suke noma: manyan filaye uku babu shinge, kowane manomi da 'yan tsiri-tsirinsa a warwatse. Fili ɗaya alkama, ɗaya shukar bazara, na uku a bar shi ya huta, shekara ta zagayo a juya. Abin da ya fi burge ni, duk Nuwamba wasu mutanen gari kan zaga su duba iyakoki, wanda ya ci gonar maƙwabci a ci shi tara.

Ɗan Gumel:
Malam, ni lanƙwasar da kunyoyin suka yi wajen ƙarshensu ce ta tsayar da ni. Da shanu biyu na tashi ina huɗa, na san wahalar juyawa a bakin gona. Su kuwa har takwas sukan ɗaura wa garma ɗaya, dole mai huɗa ya fara karkata tun kafin ya kai ƙarshe. Garmar kuma gefe guda take kifar da ƙasa, to shekara da shekaru ana zagaya tsiri ɗaya, ƙasa ta taru a tsakiya. Ita kanta eka asalinta abin da shanu za su huɗe a yini ne.

Bakatsine a Lesta:
Shanu takwas! To talaka fa, ina zai samo su?

Malam Bazazzagi:
Karo-karo suke yi, wannan ya kawo biyu, wancan ɗaya, a bi gonakin bi da bi.