Fitilar sola mai rada tana kashe sabis ne, ko dai zargi ne kawai?

Mai_POS_Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana waya da lantarki a taimaka min. Ina da ɗan shagon caji da POS a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, watan jiya na shiga Kano na sayo fitilar sola irin wadda ake ɗaurawa a kan ƙarfe ɗin nan, mai shagon ya ce min mai rada ce, idan ba kowa sai ta rage haske, da mutum ko akuya ta gifta sai ta ƙaro. To tun da na kafa ta Baba mai shayi da ke gefena ya kafe wai ita ta kashe mana sabis, wai ɗansa ya ce masa har a Amurka an taɓa soke tashin jirage saboda rada da 5G ba sa ga maciji. Kuma gaskiya sabis ya lalace, kira na yankewa, POS sai ta yi ta juyi kafin ta fitar da risit, musamman bayan magariba. Ni ban son jayayya da dattijo amma kuɗi na zuba. In cire ta ne?

Injiniya_Hadejia:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka cire tukuna. Abin da ke cikin fitilar nan rada ce ta gaske amma 'yar mitsitsiya, tana watsa sigina ta saurari dawowarsa kamar yadda jemage ke yi da kukansa, in abu ya motsa sai siginar ta dawo a ɗan canje, shi ke nan ta san akwai mai wucewa. Yawancinsu a kan mitar gigahaz 5.8 suke aiki, wato megahaz 5800. Shi kuma sabis ɗin waya a nan ƙasar yana kan megahaz 700, 800, 900, 1800, 2100, 2600, sai 5G a zangon 3500. Ka ɗauke shi kamar mitocin rediyo, mai sauraron gajeren zango ba ya jin tashar FM ta shigo masa. Ƙarfinta ma bai kai na wayar da ke aljihunka ba lokacin da kake kira.

Amma ɗan Baba bai yi ƙarya ba, ya dai haɗa abin da bai haɗu ba. A Janairun 2022 aka yi wannan rikicin a Amurka. Jirgi yana da rada a ƙasan cikinsa mai auna masa tazararsa da ƙasa lokacin sauka, tana kan gigahaz 4.2 zuwa 4.4, su kuma kamfanonin layin waya Verizon da AT&T aka sayar musu da 3.7 zuwa 3.98, ka ga maƙwabta ne katanga ɗaya, kuma tsofaffin na'urorin jiragen kunnensu a buɗe yake suna jiyo har abin da ba nasu ba. Sai da aka jinkirta kunna wasu ƙarafan sabis kusa da filayen jirgi, aka rage ƙarfin wasu, daga baya aka sa wa jiragen matatar sigina. Dama haka ake raba irin wannan gardamar, ko a ba kowa zangonsa da fili a tsakani, ko a rage murya, ko a ce wane ya yi shiru in wane na magana. Wi-Fi mai gigahaz 5 ma akwai layukan da dole rawuta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ta yi kasaƙe na minti ɗaya kafin ta hau, in ta ji radar hasashen yanayi ko ta filin jirgi sai ta bar mata layin na minti 30.

Inda kawai fitilarka za ta iya taɓa ka shi ne in POS ɗin a kan MiFi take, wato 'yar na'urar nan mai layi da ke raba intanet, ta Wi-Fi mai gigahaz 5 ɗin, don 5.8 na cikin unguwar. In haka ne mai da ita kan Wi-Fi mai gigahaz 2.4.

Dan_Gujungu:
Hhhh wai 5G. Oga a ƙauyen naku ko 4G ɗin tana tsayawa? Mu nan ranar kasuwa ko fulashin ba ya shiga kuma ba mu da wata fitila. Bayan magariba kowa ya dawo daga gona ya hau TikTok, ƙarfen sabis ɗaya gari uku, ga shi wani lokacin man janaretan ya ƙare. Baba dai hasken ne ya dame shi, a bincika.

Sani_GyaranWaya:
Injiniya Allah ya ƙara sani. Ni a Farm Centre na koyi gyara, wayar Google Pixel 4 ta 2019 ta sha zuwa hannuna, ita rada ce a goshinta mai suna Soli a kan gigahaz 60, ka kaɗa hannu ta canza waƙa, ga layi a ciki ana kira lafiya lau, waya ɗaya fa. Matsalarta ta izini ce, ba a ma sayar da ita a Indiya ba saboda ba a buɗe wannan zangon ba a can. To in rada a cikin waya ba ta hana kira ba ina ga wadda ke kan ƙarfe a waje.

Ni abin da nake zargi busta ne. Ka tambaya ko wani ya ɗaura irin 'yar eriyar nan ta ƙara sabis kwanan nan. Masu arhar nan in aka kafa eriyar waje kusa da ta ɗaki sai ta riƙa jin muryar kanta, kamar lasifikar masallaci in ladan ya matso da makirfo kusa ta fara ƙiiii, wannan ihun ne ke toshe wa ƙarfen sabis kunne, mai ita yana ganin sanda huɗu a wayarsa amma duk unguwa kira na yankewa. Hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta sha gargaɗi a kansu, sai kamfanin layi ne ke da hurumin kafawa. Gwaji kuma ba ya cin ko sisi, kashe fitilar da rimot dare biyu ka gani.

Mai_POS_Ringim:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na kashe ta daren Talata da Laraba a gaban Baba, sabis bai canza ko kaɗan ba, POS ma layi ne a cikinta ba MiFi. Malam Sani kamar kana nan, akwai wani bawan Allah da ya dawo daga Legas ya ɗaura busta a kan soronsa kusan sati ɗaya da kafa fitilata, ban san yadda zan tunkare shi ba don surukin mai unguwa ne. Abin dariyar kuma, da muka zauna da Baba ashe babban ƙorafinsa rediyonsa ce ke shuuu in zai ji labaran dare, muka yi ta kashe abubuwa ɗaya bayan ɗaya sai ga shi inbata ta ce da cajojin da ke jere a bangon da yake jingina. Ya matsar da bencinsa, ni kuma na kunna fitila. Injiniya in na kira kamfanin layin kan bustar nan suna turo mutum ƙauye kuwa?