Loda babban bidiyo yana yankewa, sai 504 ko 413

Mai_Kod ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Ina gina manhajar yanar gizo da Laravel (tsarin rubuta manhaja da yaren PHP), Nginx ne a gaba yana karɓar buƙatu a sabar, sannan na saka Cloudflare, wanda ke shiga tsakanin masu ziyara da sabar. Mutane za su riƙa loda bidiyo, ƙananan suna shiga lafiya lau amma da fayil ya yi girma sai sandar lodin ta yi ta tafiya har ta kai ƙarshe sai kawai a ga lambar kuskure 504, wani lokacin kuma tun ba a je ko'ina ba sai 413. Na ɗaga upload_max_filesize da post_max_size a php.ini, fayil ɗin saitin PHP, na sake kunna sabar, shiru kake ji. Me ya rage ban taɓa ba?

Dan_Linux ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam ai matsala biyu ce ka haɗe su wuri ɗaya. 413 maganar girman fayil ce, ba ruwanta da lokaci. Nginx yana da nasa iyakar, client_max_body_size, in ba ka taɓa shi ba 1MB ne kacal, php.ini ba ya shafar shi. Kuma ko ka gyara wannan Cloudflare na kyauta ba ya barin buƙata ɗaya ta wuce 100MB, komai ka saita a sabar ɗinka a nan zai tare ka.

Ita kuma 504 Nginx ne ya gaji da jiran PHP. Yadda yake aiki shi ne sai ya gama karɓar fayil ɗin gaba ɗaya tukunna ya miƙa wa PHP, sai ya jira amsa, lokacin jiran nan, wato fastcgi_read_timeout, sakan 60 ne a asali. Tunda ka ce sai an kai ƙarshe take fitowa to lodin ya riga ya gama kenan, abin da ke biyo baya ne yake cin lokaci. Me kake yi da bidiyon bayan ya shigo?

Mai_Kod ya rubuta:

Ina rage masa girma da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, nan take sannan na ajiye. To in na mayar da lokacin jiran minti 30 fa ba shi kenan ba?

Ummi_dev ta rubuta:

A'a ɗan uwa kar ka yi haka. Na farko ma Cloudflare ba zai jira ka ba, in ɗan lokacin jiransa ya wuce babu amsa zai ba ka kuskuren 524. Na biyu duk wanda ya loda bidiyo ya riƙe maka ma'aikacin PHP-FPM (mai gudanar da kod ɗin PHP a sabar) guda ɗaya har ffmpeg ya gama, mutane kaɗan suka zo lokaci guda shafin gaba ɗaya ya tsaya cak, har wanda ya zo shiga akawun ɗinsa kawai sai ya yi ta jira.

Ka cire ffmpeg daga wajen. Fayil ya shigo, ka ajiye, ka jefa aikin cikin layin jira (queue) na Laravel da Redis, ma'ajiyar bayanai mai sauri, ko ma da rumbun bayananka, ka mayar da 202, wato an karɓa ana kan aiki, nan da nan, burauza ta riƙa leƙowa tana tambaya an gama ko da saura.

Shi kuma lodin ka yanka shi gunduwa-gunduwa tun daga burauza, File.slice() na JavaScript yana yi, kowane yanki kamar 5MB ko 10MB ya tafi a buƙatarsa daban, kaga ba wanda zai kusanci 100MB ɗin balle ya daɗe. Abin da ya fi burge ni da shi ma in netwok ya ɗauke a tsakiya, wanda dole zai faru ga masu lodi da waya, yankin da ya faɗi kawai za a sake turawa ba a koma farko ba. Kuma ba sai ka rubuta da kanka ba wlh, akwai tus, tsarin lodi mai ci gaba daga inda ya tsaya, ka haɗa shi da Uppy, kunshin JavaScript na loda fayil.

Dan_Linux ya rubuta:

Gaskiyar Malama Ummi ne. Ni da zan ba ka shawara ma fayil ɗin kar ya bi ta sabar ɗinka kwata-kwata. In kana amfani da Amazon S3, ma'ajiyar fayiloli ta Amazon, sabar ta sa hannu a adireshin wucin gadi ta ba burauza, ita kuma ta loda kai tsaye can. S3 yana karɓar yanki-yanki, kowanne sai ya kai 5MB banda na ƙarshe, har guda 10,000. Abu biyu ka kula da su, ka buɗe ETag (shaidar da S3 ke ba kowane yanki) a saitin CORS, wato izinin da ake ba burauza ta karanta amsa daga wani adireshi daban, in ba haka ba burauza ba za ta iya karanta shi ba haɗa yankunan ya gagara, sannan ka saka dokar da za ta share lodin da aka bari rabi, don yankunan suna nan zaune ana cajin ka kuɗinsu kuma ba za ka gan su a jerin fayilolinka ba.

Mai_Kod ya rubuta:

Na gode sosai Allah ya ƙara ilimi. Zan fara da layin jiran tunda shi ya fi sauƙi, sai na koma kan Uppy. Malama Ummi wane kunshin tus kike amfani da shi a ɓangaren PHP?