Neman shawara: an ɗauke wuta ina sabunta manhajar rauta, ta ƙi tashi, faifan ajiyar ma ya ƙi buɗewa

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Rautar gidana Archer C7 ce, samfuri na 2, da manhajar OpenWrt a kanta. Na jona mata faifan ajiya mai terabait 1 ta ramin USB, a nan muke tara hotunan iyali da takardun makarantar yara. Jiya da dare ina tsakiyar sabunta manhajar aka ɗauke wuta. Da wuta ta dawo, fitilun rautar sai su kama gaba ɗaya, su mutu, su sake kamawa, ba Wi-Fi, shafin 192.168.1.1 ma ba ya buɗewa. Na cire faifan na sa a laftof mai Windows, sai ta ce wai sai na yi masa fomat. Ban yarda ba tukuna. Rautar ba ta dame ni kamar hotunan ba. Don Allah ta ina zan fara?

Mai gyaran kwamfuta:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi daidai da ba ka danna fomat ba, kuma kada ka danna. Wannan saƙon ba ya nufin faifan ya lalace. Yawancin masu OpenWrt suna tsara faifansu da ext4, tsarin ajiye fayiloli na Linux, shi kuwa Windows bai san ext4 ba, duk abin da bai gane ba sai ya ce a yi masa fomat. Haka nan kada ka gudanar da chkdsk a kansa, kada ka yarda Disk Management ta ce za ta "fara" shi.

Matsalarka biyu ce, ba su da alaƙa da juna in ban da wutar da ta haɗa su. Manhajar rauta tana cikin wata 'yar aisi, wato ƙwayar lantarki mai ajiya, a kan fanel ɗinta, hotunanka suna cikin faifai. Ajiye rautar gefe, ba abin da zai ƙara samunta. Faifan ne ke iya taɓarɓarewa duk lokacin da aka jona shi aka rubuta wani abu a kansa, don haka da shi za a fara.

Sami filas mai gigabait 8, ka zuba Ubuntu, wani nau'in Linux da ke gane ext4, a ciki da manhajar Rufus, ka tashi laftof daga filas ɗin, ka zaɓi gwaji ba girkawa ba. Kafin ka jona faifan, buɗe Terminal, inda ake rubuta umarni, ka hana shi hawa da kansa:

gsettings set org.gnome.desktop.media-handling automount false

Sannan ka jona shi ka rubuta lsblk -f. Za ka ga faifanka da girmansa, wataƙila da suna sdb ko sdc. Ka tabbatar da sunan ta hanyar girma, domin filas ɗin da ka tashi da shi ma yana cikin jerin. In sdb ne, kulle shi daga rubutu, sannan ka hau da shi:

sudo blockdev --setro /dev/sdb
sudo mount -o ro,noload /dev/sdb1 /mnt

Kalmar noload ɗin nan tana da muhimmanci. ext4 yana da littafin da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi, in wuta ta yanke shi, da zarar an hau da shi sai ya nemi ƙarasa aikin daga littafin, ko da ka ce karatu kawai kake so. noload ce ke hana shi. Idan ya hau, kwashe komai zuwa wani faifan da sudo rsync -a /mnt/ sai inda za ka zuba. Ka sa sudo, domin fayilolin da rauta ta rubuta galibi mallakar root ne, wato babban asusu mai cikakken iko.

Injiniya mai haɗa intanet:

Kafin a yanke wa rautar hukunci, a auna adaftarta. Wutar da ta tafi ta dawo da ƙarfi takan raunana adafta, ita kuma raunanniyar adafta tana jawo wannan alamar sak: fitilu su kama, rauta ta nemi ƙarin wuta, adafta ta gaza, ta mutu ta sake tashi. Bolt 12 ya kamata mita ta nuna, amma adafta kan nuna 12 alhali ba kaya a kanta, ta faɗi da an ɗora mata. Mafi tabbas shi ne a gwada wata mai bolt 12, wadda amfiyarta ta kai abin da aka rubuta a ƙasan rautar ko ta fi, bakinta kuma iri ɗaya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. Na gwada wata adafta, babu canji. Faifan kuma Ubuntu ta gan shi, ta nuna ext4, amma da na yi mount sai ta ce bad superblock. Kuma ina jin 'yar ƙara ƙas-ƙas sau biyu ko uku idan na jona shi.

Malama mai aikin ceto bayanai:

To Malam, tsaya nan, kada ka sake gwada mount, kada ka yi fsck. Ƙarar nan sai an san dalilinta.

Dalili mai sauƙi shi ne ƙarancin wuta. Ramin USB 2.0 miliyamfiya 500 yake bayarwa a ƙa'ida, USB 3.0 kuma 900, alhali faifai mai inci 2.5 yakan nemi kusan amfiya ɗaya lokacin da zai fara juyawa. Sa shi a rami mai launin shuɗi, da gajeren kebul, laftof tana kan caji, ko ka samo mahaɗar USB mai adaftarta. Idan ƙarar ta daina, wuta ce. Idan kuwa da isasshiyar wuta yana ta ƙas-ƙas ba tsayawa, ko ya juya ya tsaya, to allurar karatu ce ta samu matsala. A wannan halin cire shi kawai. Kada a buɗe murfinsa, ƙurar ɗaki ta isa ta kankare faifan. Kada a sa shi a firiza kamar yadda ake yaɗawa, raɓa ce za ta taru a ciki. Wannan aikin masu ɗaki marar ƙura ne, kuma kowace jonawa tana rage abin da za su iya cetowa.

Idan ya yi shiru ya zauna, sai a tambaye shi lafiyarsa. Kunna ma'ajiyar manhajoji ta Ubuntu mai suna universe in ba a kunne take ba, sannan:

sudo apt install smartmontools gddrescue testdisk
sudo smartctl -a -d sat /dev/sdb

Duba layuka uku: na 5, na 197 da na 198. Na 5 yana ƙirga gurabun da suka lalace aka musanya su, na 197 waɗanda suka ƙi karantuwa suke jira. Duk abin da ya wuce sifili a 197 yana nufin akwai inda faifan ba ya iya karantawa. Yankewar wuta ana tsakiyar rubutu takan haifar da wannan ko da faifan lafiya lau yake, domin gurbin ya rubutu rabi.

Ko me ya nuna, shawarata ɗaya ce: a ɗauki kwafinsa gaba ɗaya, a yi duk gyara a kan kwafin. Kana buƙatar wani faifai da ke da sararin da ya fi terabait 1, mai terabait 2 ya fi kwanciyar hankali, kuma kada ya zama FAT32 domin ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai gigabait 4. Shiga foldarsa ka rubuta:

sudo ddrescue -n /dev/sdb kwafi.img taswira.map

Zagayen farko ke nan, yana kwashe wuraren da ke da lafiya da sauri, ya tsallake masu wuya. Bayan ya gama:

sudo ddrescue -d -r3 /dev/sdb kwafi.img taswira.map

Wannan zai koma wuraren da aka tsallake har sau uku. Kada ka manta da fayil ɗin taswira, shi ke riƙe inda aka tsaya, in wuta ta sake tafiya sai ka maimaita umarnin ya ɗora daga nan. Kuma ka lura da jerin: wanda ake karantawa ne farko, inda ake zubawa na biyu. Wanda ya juya su ya shafe abin da ya zo ceto. A USB 3.0 terabait 1 yakan ɗauki awa uku zuwa huɗu in babu matsala, a USB 2.0 ya haura awa takwas.

Mai gyaran kwamfuta:

Abin da Malama ta faɗa shi ne hanya. In kwafin ya kammala, cire ainihin faifan ka adana. Sai sudo losetup -fP --show kwafi.img, zai faɗa maka sunan da ya ba shi, misali loop9, ɓangaren farko ya zama loop9p1. Maganar bad superblock ba ƙarshen zance ba ce. Superblock shi ne shafin da ke bayanin tsarin faifan, kuma ext4 yana ajiye kwafinsa a wurare da dama, na farko yawanci a 32768. Fara da kallo kawai: sudo e2fsck -n -b 32768 /dev/loop9p1. In abin da ya nuna da ma'ana, sai ka cire -n ya gyara. In sarari ya isa, yi kwafin kwafin tukuna, domin e2fsck ba ya dawo da abin da ya canza. Fayilolin da suka rasa foldarsu za ka same su a lost+found da lambobi maimakon suna.

Manhajar TestDisk da ka girka ta lokacin da ɓangaren faifai ya ɓace gaba ɗaya ce, naka kuwa yana nan. PhotoRec, wanda ke zuwa tare da ita, a bar shi ƙarshe: yana tsinto hotuna da takardu da kyau, amma ba suna ba folda, dubban fayiloli a jibge.

Injiniya mai haɗa intanet:

Tunda adafta ta fita daga zargi, ga batun rautar, kuma ina ganin za ta tashi. Sabuntawar OpenWrt ba ta taɓa manhajar tashi, wato U-Boot, wadda ke zaune a kilobait 128 na farkon aisin. Abin da ya rubutu rabi shi ne abin da ke bayanta. Shi ya sa danna Reset ko neman shiga yanayin failsafe ba zai yi amfani ba, domin wanda zai amsa ɗin ne ya lalace. Dabarar 30-30-30 ta riƙe maɓallin Reset ma ta tsofaffin rautoci ce, ba ta wannan ba. U-Boot ta wannan samfurin tana iya janyo sabuwar manhaja da kanta ta TFTP, wata hanya mai sauƙi ta tura fayil daga laftof.

Sauke fayil ɗin archer-c7-v2 mai kalmar factory, ba mai sysupgrade ba. Akwai na EU da na US daban, duba takardar da ke ƙasan rautar. Tabbatar bai yanke a hanya ba da certutil -hashfile sunan fayil SHA256, ka gwada da lambar da ke shafin saukewa. Canza sunansa zuwa ArcherC7v2_tp_recovery.bin, ka kula kada Windows ta ɓoye ƙarshen suna ya zama .bin sau biyu.

Ba wa ramin kebul na laftof adireshi tsayayye 192.168.0.66, da 255.255.255.0. Kashe Wi-Fi, kashe katangar tsaro ta Windows na ɗan lokaci, domin TFTP ta ƙofar UDP 69 take shiga kuma katangar na toshe ta. Buɗe Tftpd64, manhajar da za ta tura fayil ɗin, nuna mata foldar da yake, ka zaɓi wannan adireshin. Jona kebul a ramin LAN na 1, ba na intanet ba. Kashe rautar, danne maɓallin WPS/Reset, kunna ta kana riƙe da shi har fitilar WPS ta kama, sannan ka saki. Turawar daƙiƙu kaɗan ce, amma rubutawa a aisi na ɗaukar mintuna. Ba ta minti biyar ba tare da an taɓa ta ba, kuma wannan karon a kan inbata ko UPS.

Inda aka fi makalewa biyu ne. Na farko, Windows na jinkirin gane kebul, kafin ta farka rautar ta gama nema ta wuce. Maganinsa a sa ƙaramin suwic na kebul ɗin intanet tsakaninsu, laftof ta zauna a jone tun kafin a kunna rautar. Na biyu, suna. Wasu rautocin na neman ArcherC7v3_tp_recovery.bin. Ba sai ka yi canke ba, shafin Log viewer na Tftpd64 zai nuna ainihin sunan da ta nema. In babu komai a wurin, manhajar Wireshark mai nuna abin da ke wucewa ta kebul za ta nuna adireshin da rautar take kira.

Mai gyaran wayoyi da fanel:

In TFTP ta ƙi bayan duk wannan, saura hanyar siriyal. Ana buɗe rautar a liƙa fil a ramukan da ke kan fanel, a jona da 'yar na'urar USB-TTL irin CP2102 ko CH340 mai bolt 3.3. Waya uku kawai: GND da GND, TX da RX, RX da TX. Kada a jona VCC, kuma siginar bolt 5 na iya ƙona ƙafar aisin. A PuTTY, manhajar da za ka yi magana da rautar ta cikinta, gudun 115200 ne. Da ka ga Autobooting ka rubuta tpl da sauri. Manhaja tana farawa daga 0x9f020000, wanda ya goge daga 0x9f000000 ya kashe U-Boot, sai an koma ga CH341A, na'urar rubuta wa aisi manhaja kai tsaye. Kilobait 64 na ƙarshe kuma su ne ART, ma'aunin rediyon wannan rautar kaɗai, in ya tafi Wi-Fi ba zai dawo daidai ba. Ɗan'uwa, in hannunka bai saba da dalma ba, kai wa mai gyara wannan matakin.

Mai tambaya:

Alhamdu lillahi, rautar ta tashi. Sai da na sa suwic, kuma sunan v3 ta nema. Ƙarar faifan ta daina da na canza kebul da rami. Layi na 5 sifili ne, na 197 ya nuna 8. Na aro faifai mai terabait 2, ddrescue na tafiya yanzu. In an gama, zan iya mayar da tsohon faifan kan rautar?

Malama mai aikin ceto bayanai:

Madalla. Ba yanzu ba. Sai ka buɗe hotunan daga kwafin ka gani da idonka, ba na sama-sama ba, har da tsofaffin foldoji, kuma ka zuba su a wuri na biyu. Bayan nan ka rubuta sifili a kan tsohon faifan daga farko har ƙarshe, wato ka shafe shi gaba ɗaya, ka gudanar da smartctl -t long, ka sake duba lambobin. Idan 197 ya koma sifili, 5 bai motsa ba, wuta ce ta yanke rubutu, faifan zai ci gaba da aiki. Idan 5 ya fara hawa ko 197 ya dawo, kada ka ƙara ɗora masa abin da kake so.

Rautar kuma ta dawo fanko, sai ka sake girka block-mount, kmod-usb-storage da kmod-fs-ext4, sannan ksmbd don rabawa, ta fi samba4 dacewa da aisi mai megabait 16. Ramukanta USB 2.0 ne, don haka ka ba faifan mahaɗa mai adaftarta, ka ɗora su biyun a kan ƙaramin UPS. Duk ranar da za ka sake sabunta manhaja, ka yi umount ka zare faifan tukuna. Turo mana abin da ddrescue ya rubuta a layin bad areas in zagayen farko ya ƙare, kafin ka fara na biyu.