Waya ko tsirkiya? "Geji" kuma fa, me za mu ce masa?

Jiya na raka ƙanena wani shagon kayan kiɗa a wajen Taminus, zai sayi abin da shi da abokansa ke kira wayar jita. Mai shago ya ce masa, "Wane geji?" Yaro ya yi zuru. Tun daga nan kalmomin biyu suka tsaya min a rai.

Ta farko ba ta da wahala, muna da tsirkiya. Ita ce a jikin baka, ita ce a garaya da molo da gurmi, ita ce ƙwaya ɗaya tak a kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos. Jita shida gare ta, iyakar bambancin ke nan. Mu bar wannan mu kama "waya", wadda ta lantarki da ta salula da ta shinge suka riga suka yi mata yawa, ai ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Wani ya kawo min "igiya". Wannan ta guga ce da akuya, a bar musu kayansu.

Geji ne ya hana ni barci. Ka ce geji a garin nan, hankalin mutum wurin mai faci zai tafi, ko allurar da ke nuna man mota. Amma abin da mai shago ke nufi kaurin tsirkiya ne kawai. In ka ga 10-46 a jikin kwali, ana nufin mafi sirantarsu kashi 10 ce cikin 1000 na inci, mafi kaurinsu 46. To me zai hana a ce "Wane kauri?" mai saye ya ce "Mai goma"?

Da an yi masa tambayar haka, da ƙanena ya san abin da zai zaɓa. Siririya irin 9-42 tana da taushi a yatsa, tana lanƙwasuwa cikin sauƙi in kana son jita ta yi kuka, sai dai saurin tsinkewa. Kakkaura irin 12-53, wadda aka fi ɗaura wa jita mai rami, muryarta cike take, amma ɗan koyo zai ji jiki kafin yatsunsa su yi kanta. Jitar lantarki kuwa dole tsirkiyarta ta zama ƙarfen da maganaɗisu ke ja, don da shi take ɗaukar sauti.

Ina ganin na gama, sai wani abokina da ke kiɗa a situdiyo ya taka min birki. Ya ce, "Malam, ka manta da ta nailan. Ita ba da kauri ake sayenta ba, da ƙarfin ja ne." Gaskiyarsa. Irin wannan jitar da hanjin tumaki ake yi mata tsirkiya kafin nailan ta shigo a shekarun 1940, kuma har yau abin da ke jikin kwalinta shi ne yadda take ɗamewa. Muka yi ta jefa kalmomi, ɗauri, ja, ɗamewa, har muka tsaya a kan tauri. Ta ƙarfe a tambayi kaurinta, ta nailan a tambayi taurinta. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, wannan ma ya burge ni.

Kada dai wani ya ɗaura ta ƙarfe a jitar nailan don neman ƙara. Janta ya kusa ninki biyu, wuyan jitar zai lanƙwashe, ko jakin da tsirkiyoyin ke hawa ya ɓalle. (Jaki ma namu ne, masu goge suna da shi.)

Saura guda: kakkauran da aka naɗe da siririn ƙarfe. Ni "mai naɗi" nake cewa, sauran kuma "zalla". Abokina ya ce zalla ba ta zauna masa a kunne ba. Masu garaya da masu jita, ku kawo taku.

Ƙanena dai mai tara ya saya.