Tsofaffin Fayafayan da Ba a Cika Sani Ba: Abin da Aka Tattauna

Jama'a, ga abin da na tattaro daga tattaunawar da aka yi kan tsofaffin fayafayan kiɗa da ba a cika sani ba:

1. Kusan kowa ya yaba faifan Paêbirú na Lula Côrtes da Zé Ramalho, 1975. Ambaliyar birnin Recife na Brazil ta lalata yawancin bugun farko a shekarar, shi ya sa na asali ya yi tsadar tsiya. Shawara: a nemi sabon bugu.
2. Faifan Arthur Verocai na 1972, ba wanda ya kushe shi.
3. An rabu kan First Utterance na ƙungiyar mawaƙa ta Comus, 1971. Wasu sun ce gwaninta ce, wasu sun ce muryoyin na ta da hankali. Ni dai ba na kunna shi da dare.
4. Mai son kiɗa mai sanyi ya fara da Just Another Diamond Day na Vashti Bunyan.

Faifan Clube da Esquina kuwa, an ce ya riga ya yi suna, a cire shi daga jerin.