Jama'a a agaza: me za mu kira karaoke da Hausa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina da rahoto a shirinmu na kiwon lafiya gobe da ƙarfe bakwai na safe, kan yadda ma'aikatan ofis a Japan ke huce gajiya da karaoke. An tashi aiki, sai a kama ɗan ɗaki na awa ɗaya ko biyu, na'ura ta saki kiɗa ba muryar mawaƙi, baitoci na bi a allon talabijin, kai kuma ka riƙe makirfo ka rera. Har akwai masu zuwa su kaɗai, su ja ƙofa su yi ta tsala waƙa sai ransu ya yi sanyi. Edita ya ce ba zai bar kalmar tsirara ba, ni kuma kaina ya kulle.

Abban Sadik: Maimin mana.

Ɗan Maraɗi: A'a Abban Sadik. Mai maimin baki kawai yake motsawa, muryar mai waƙar ce ke fita. Nan kuwa taka muryar za a ji, ko da irin ta kwaɗo ce.

Malam Tanimu: Wa alaikumus salam. A fara da asali. A Japananci "kara" na nufin abin da ba komai a cikinsa, "oke" kuwa guntun sunan babbar ƙungiyar makaɗa ne da suka aro daga Turawa. Kiɗa ne da aka cire wa baki. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina RERAU, daga rera. Gajere, mai daɗin faɗa, na gida.

Ladidi: Allah gafarta Malam, ai mantau mai mantuwa ne, makarau mai makara. Rerau ke nan mutum ne mai yawan rera waƙa. In Maman Ilham ta ce "sun tafi rerau" za a zaci sunan wani ƙauye ne.

Malam Tanimu: Harshe ba dutse ba ne, Ladidi. Kalma takan faɗaɗa.

Abban Sadik: To fankon kiɗa, tunda an ce ba komai ciki.

Ladidi: Wannan kuma zagi ne.

Ɗan Maraɗi: Ni da za a bi ta tawa, a rubuta karawoke a wuce wurin. Faransawa ma haka suka ɗauke ta, Turawan Ingila haka. Mun karɓi rediyo, mun karɓi mota, ba wanda ya mutu.

Malam Tanimu: Ku dama can Faransanci ya gama da ku. Dubi mutanen Koriya ta Kudu, maƙwabtan Japan ne amma suka ce norebang, wato ɗakin waƙa, da harshensu. Wannan shi ne kishi. Mu kuwa kowane tarkace aka jefo sai mu cafe.

Ɗan Maraɗi: Haba Malam. Ku da kuke cewa ofis da tebur da bokiti za ku yi mana gorin aro? "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" da kuka ƙirƙiro, je kasuwar Farm Centre ka nemi mai gyaranta da wannan sunan mu gani. Kowa kwamfuta yake cewa.

Malam Tanimu: Amma jirgin sama ya zauna. Wayar salula ma ta zama waya kawai. Wanda aka ƙera da kyau yakan zauna.

Maman Ilham: Don Allah iyayena a dawo kan magana, dare na yi. Ɗakin waƙa ya ɗan yi mini, sai dai ina tsoron mai saurare a Kano ya ji kamar gidan gala ake nufi, alhali can har iyali da 'yan makaranta na zuwa. Kuma sunan wurin ne kawai, ina sunan aikin? A rahoton akwai inda zan ce wani makaɗi a birnin Kobe, Daisuke Inoue, ya haɗa na'urarsa a 1971 saboda 'yan kasuwar da yake yi wa kiɗa suna rera waƙa a mashaya, ana jefa mata kuɗi ta yi kiɗa. Bai yi mata rajistar mallaka ba, wasu suka kwashe arzikin, shi kuma aka ba shi kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2004. Ba zan iya cewa ya ƙirƙiro ɗaki ba.

Ladidi: Yaya, bi sahun dafa-duka da faɗi-ka-mutu. BI-KIƊA. Na'urar bi-kiɗa, ɗakin bi-kiɗa, sun tafi bi-kiɗa.

Abban Sadik: Mai rawa ma ai kiɗa yake bi.

Ladidi: To waƙar bi-kiɗa.

Baba Mai Goro: Ni abin da ban gane ba, wai sai an biya kuɗin ɗaki kafin a yi waƙa a huce? Iyayenmu mata a bakin turmi suke yin tasu, ana lugude ana waƙa. Ranar gayya gangar noma na bayanka kana kai kuyya ƙarshe.

Maman Ilham: Baba, waɗancan ana cikin aikin ake yi don hannu ya yi sauri. Wannan sai an tashi, kuma ba ciwon baya ake kora ba. Mutum ne ya wuni yana rusuna wa maigida yana haɗiye magana. Ƙasar da har suna gare su na mutuwa saboda yawan aiki, karoshi, sai da doka ta fara aiki a 2019 ta ƙayyade aikin bayan lokaci awa 45 a wata in ba da wani dalili na musamman ba. Shi ya sa ma nake shakkar kalmar gajiya.

Malam Tanimu: Matsin aiki za ki ce, gajiya ta jiki ce. Ko ƙuncin aiki.

Maman Ilham: Madalla, matsin aiki na ɗauka. Ga yadda zan buɗe: "karawoke, wato waƙar bi-kiɗa, inda na'ura ke kiɗa kai kana rerawa." Daga nan sai in riƙa cewa bi-kiɗa. In edita ya soke, shi ya sani.

Ɗan Maraɗi: Karawoke dai ta shiga. Alhamdu lillahi.

Malam Tanimu: Ba da yawuna ba. Bi-kiɗa ba ta da laifi a nahawu, wannan na yarda, amma ba ta da armashi. Ni a ajina rerau zan ci gaba da cewa.

Abban Sadik: Maman Ilham, wace tasha ce? In kunna gobe in ji ko editan ya bari.